Malam Kashim Gaji da Littattafan Ungozomar Gafasa

Da an sallame sallar asuba a unguwarsu ta Gaya, Malam Kashim Gaji ba ya komawa shimfiɗa. Zai sha kokonsa, ya ɗaure jakarsa a bayan babur, ya kama hanyar Ajingi. Kafin motocin Kano su gama lodi a tasha ya riga ya buɗe shagonsa, ya goge kwamfutocinsa biyar da tsumma, ya leƙa batirin sola ya ga abin da ya rage. Daga nan sai ya zauna ya buɗe duk fayil ɗin da ɗalibai suka rubuta jiya, ya karanta su layi bayan layi. Shekara goma sha tara yana wannan zirga-zirga, kuma waɗanda ke sayar da shayi a bakin tasha sun ce da ƙarar babur ɗinsa suke sanin bakwai ta yi.

Kakansa Gaji ya zo daga Barno da fataucin kanwa, ya zauna a Gaya, ya yi gona. Shi Malam Kashim da tafireta ya fara neman abinci, yana buga wa mutane wasiƙu a gindin wata darbejiya. Da kwamfuta ta kashe wannan sana'a, abokan aikinsa suka watse, shi kuwa ya je ya koyi kwamfutar yana da shekara arba'in da uku. Bayan ya haura hamsin ya ji labarin Python, wani yare mai sauƙi da ake ba kwamfuta umarni da shi. Babu wanda zai tambaya a kusa. Da wani littafi da aka yi masa fotokwafi da ƙaramar wayarsa ya koya, har ya iya, har ya fara koyarwa.

Ni malamin firamare ne. Shekara huɗu da suka wuce na shiga ajinsa, ina tsammanin buga takarda zan koya. Ranar farko ya sa muka rubuta sunayenmu a cikin ƙaramar manhaja, sannan ya kashe kwamfutar ya sake kunnawa. Babu komai.

"Kun gani?" in ji shi. "Ana kashe ta take mantawa. Abin da kuka sa a fayil shi kaɗai ke kwana. Don haka a nan za mu daɗe."

Sai ya rubuta haruffa uku a allo, waɗanda ake buɗe fayil da su. "Da r kake karanta abin da ke ciki. Da a kake ƙara naka a ƙasa. Ita kuwa w, tana share duk abin da ta tarar kafin ta rubuta naka, kuma ba ta neman izini."

A ajinmu akwai Rauda, matar aure mai 'ya'ya uku daga Gafasa. Uwar mijinta, Hajja Kulu, ita ce ungozomar garin, shekara talatin da shida ke nan. Hajja ba ta rubutu, amma duk haihuwar da ta karɓa sai ta sa an rubuta mata: rana, sunan uwa, sunan uba, namiji ko mace. Da fari marigayi mijinta ke rubutawa da ajami, daga baya 'yarta ta ci gaba da boko. Littattafai tara suka taru, gara ta fara cin gefensu. Wata rana Rauda ta zo da ɗaya a cikin leda ta nuna wa Malam.

Ya daɗe yana jujjuya shafukan. Daga baya ya ce, "Daga yau mun bar sunayen ƙarya na gwaji. Ga darasinmu nan."

Wata biyar muka yi a kai. Kowace haihuwa layi ɗaya, waƙafi na raba rana da suna da unguwa. Muka rubuta manhajar da ke ƙara sabon layi, da wadda ke karanta fayil ɗin ta nemo suna. A makon farko duk sunan da ke da harafi mai lanƙwasa, irin su Ɗanjuma da Ƙasimu, yakan dawo a dagule, ba ya karantuwa. Wani ɗalibi ya ce a cire lanƙwasar a huta.

"Ba za mu canza wa mutum suna don na'ura ta ji daɗi ba," in ji Malam.

Kwana biyu yana bincike. A na uku ya shigo ya nuna mana 'yar kalmar da ake ƙarawa a wajen buɗe fayil, utf-8, sai ga Ɗanjuma ya fito da lanƙwasarsa.

Littafin da ya fi tsufa aka bari ƙarshe, saboda ajami ne kuma tawadar ta koɗe. Malam ke karantawa da tabarau, Rauda na bugawa. Suka gama ranar Litinin, haihuwa dubu uku da ɗari da arba'in ke nan gaba ɗaya, ta mayar wa Hajja Kulu da littafinta. Ranar Talata aka yi ruwa mai ƙarfi a Gafasa, bangon ɗakin Hajja ya zube. Ita ta fita lafiya. Littattafai takwas na cikin akwatin ƙarfe, ba abin da ya same su. Na taran, wanda aka dawo da shi, yana kan tabarma, aka zaro shi daga cikin taɓo ya zama dunƙule.

Ranar Laraba Rauda ta zo aji idonta jawur, ta ba mu labari. Sai ta zauna za ta ƙara layi ɗaya da ta tuna an tsallake. Hankalinta ba ya jikinta. Inda za ta sa a, ta sa w.

Ina kusa da ita. Na ga ta sake buɗe fayil ɗin, na ga layi ɗaya tak a fuskar kwamfuta, sauran fili fari. Ta ɗora hannu a ka.

Malam ya taso ya duba. Ya ciro filashi daga aljihun gaban rigarsa, 'yar ma'ajiyar da yake ajiye kwafin fayil ɗin a ciki duk ranar Alhamis. Kwafin ya dawo da komai, ban da aikin da aka yi bayan Alhamis ɗin da ta wuce: haihuwa ɗari biyu da goma sha biyu, duk daga littafin da ruwa ya cinye.

"Malam, na kashe aikin," in ji Rauda.

"Ke harafi ɗaya kika kuskure," ya ce mata. "Ni kuwa na san w tun kafin ki zo nan, amma nake ɗaukar kwafi sau ɗaya a mako. Wannan nawa ne. Share hawayenki, ki faɗa wa Hajja ina nan zuwa da la'asar."

Kai ne, Malam, ka ɗauki laifin a gaban ɗalibanka, alhali ba wanda zai ce maka komai da ka yi shiru. Kai ne ka zauna a take ka rubuta layi shida na umarni da ke ɗaukar kwafi mai kwanan wata duk lokacin da aka taɓa fayil, ka sa kowannenmu ya buga su da hannunsa kafin mu tashi.

Abin da ya biyo baya mutanen Gafasa ne shaida. Kwana ashirin da shida, da an tashi aji sai ya hau babur a cikin damina, wani lokacin ya sauka ya tura shi a taɓo. Ya shanya dunƙulen littafin a inuwa, yana ɓare shafi daga shafi da bakin reza. Inda ya ga rabin suna sai ya karanta wa Hajja Kulu. Ita kuma, tsohuwar da ta haura saba'in, ta rufe ido ta ce, "Wannan matar mai gyaɗa ce ta bayan masallaci, kwana biyu kafin a ga watan azumi." Bai taɓa tsayawa a nan ba. Sai ya nemi gidan. Ya tsaya a zaure da maigida, Rauda ta shiga ciki wajen mata, su fito su gwama abin da suka ji. Wasu iyalan sun koma garin Balan, ya bi su can. Da haka layi ɗari biyu da uku suka dawo cikin fayil.

Bayan kaka wani dattijo manomi daga Gafasa, Bappa Datti, ya zo shagon da 'yarsa Baiwa, wadda ke aure a Kano. Shekararta talatin da wani abu, ba ta san ranar haihuwarta ba. Mahaifiyarta, Lauratu, ta rasu a wajen haihuwarta, kuma a gidansu ba a son tayar da zancen.

Rauda ta buga sunan uwar. Kafin ta ɗauke yatsa layin ya fito. Yana cikin waɗanda Malam ya ɓaro da reza. Ya matso da fuskarsa ya karanta a hankali: "Laraba, goma sha ɗaya ga Rajab. Lauratu matar Datti. Mace. Uwa ta cika bayan la'asar, ta ga jaririyar."

Baiwa ta ce, "Ta gan ni?"

"Haka aka rubuta a ranar," in ji Malam.

Bappa Datti ya juya ya fuskanci bango. Mun fi goma a shagon, ba wanda ya motsa. Baiwa ta roƙi a buga mata layin a takarda, ta ninke ta huɗu ta riƙe a hannu har suka fita. Na ga abubuwa a shekara ashirin na koyarwa, amma ban taɓa ganin aikin aji ya kai inda wannan ya kai ba.

Yanzu yanar ido ta rufe wa Malam Kashim ido ɗaya, ɗayan ma ya yi rauni, likita ya hana shi hawa babur. A watan jiya ya miƙa wa Rauda makullin shago. Ita ke koyarwa, kuma wasu ungozomomi biyu sun riga sun aiko da nasu littattafan.

Gwanin haƙuri, jikan Gaji, mun gode. Ka koya mana a Ajingi abin da muka ɗauka sai a birni, kuma ka nuna mana cewa a bayan kowane layi akwai mutum. Allah ya ba ka lafiya, ya saka maka da alheri. Ku kuma masu karatu, wanda duk ya iya wani abu a cikinku, ya zaunar da mutum biyar ya koya musu kamar yadda wannan bawan Allah ya yi. Wanda ke da tsohon littafi a ƙasan akwati, na gida ko na unguwa, ya fito da shi tun ana iya karanta shi.

Na je Gaya na same shi a ƙofar gida, na ce zan yi rubutu a kansa. Ya ce ba shi da abin da za a rubuta. Da na dage, sai ya tuna mini da layuka taran da ba a samu ba. A lokacin an ba shi shawara ya ƙiyasta ranakun ya cike, ya ƙi. Ya bar su yadda suke, da rabin suna, a gaban kowanne an rubuta "ba a tabbatar ba".

"In dai sai ka rubuta," ya ce, "to ka faɗa musu akwai mutum tara da aka haifa a Gafasa a shekarun farko na Hajja Kulu, har yau ba mu san ko su wane ne ba. Wanda yake zaton yana ciki, ya je wajen Rauda. Da ƙarfe takwas take buɗewa."