Ranar da Na Goge Tauraro

A shekarun da intanet ya fara shigowa Lome an ce mana zamanin jam'iyya ɗaya ya wuce, amma har lokacin sai mutum ya waiga kafin ya yi magana a cikin tasi. Ina aiki a wani ƙaramin kamfani mai sayar da layin intanet. Ni kaɗai ne ɗan Zango, unguwar Hausawa, a wurin, ni kuma aka bar wa na'urar sunaye.

Aikinta ba wuyar fahimta. Kowace kwamfuta a layinmu tana da lamba. In mutum ya aika wasiƙa ƙasar waje, sai na'urar can ta juyo ta tambayi tamu: mai wannan lamba, yaya sunansa? In tamu ta yi shiru, a ƙi karɓar wasiƙar. Haka wasiƙun mutane suka yi ta dawowa, mai kamfanin, wanda muke ce wa patoro, yana ta zuba mini faɗa.

A wani littafin Faransanci da bangonsa ya cire na samo dabara. In ka sa alamar tauraro a gurbin lamba, layi ɗaya tak, duk lambar da ba a rubuta mata suna ba sai ta amsa da sunan kamfani. Na gwada, abu ya ƙi. Ashe ɗigon ƙarshen sunan na manta. Da na sa shi, wasiƙu suka fara wucewa. Patoro bai ce sannu ba, ya dai daina faɗa.

Cikin masu layinmu akwai abokina tun na makarantar allo. Ni na zuga shi ya buɗe shago da kwamfuta huɗu kusa da masallacin unguwarmu. Malamai kan zo ya aika musu saƙo ga 'ya'yansu masu karatu a waje, 'yan canjin kuɗi na unguwar Kodjoviakopé ma suna zuwa.

Wata rana da hantsi wani mutum ya shigo da kwat. Bai faɗi ofishin da ya fito ba, ba kuma wanda ya tambaye shi. Patoro da kansa ya jawo masa kujera.

Mutumin ya dube ni ya ce, "Kai ne mai sunaye? Me ya sa duk wasiƙar da ta fito daga nan suna ɗaya nake gani?"

Na ce, "Yallaɓai, tauraro ne ke amsa wa kowa."

"Daga yau kowa ya amsa da nasa. Ba na son sai na zo nan tambaya."

Bayan ya tafi na ce wa patoro wasiƙu na wucewa lafiya, ba dalilin canji. Ya dube ni ya ce, "Wai takardarka ta ɗan ƙasa ta fito kuwa?"

A nan aka haife ni, a nan aka haifi ubana. Amma takardar shekara biyu ke nan tana hannun hukuma, kuma ya sani.

Na goge tauraron. Kwana uku ina rubuta wa kowace lamba sunan mai ita. Na shagon abokina ma da yatsuna na buga shi. Ranar Juma'a muka haɗu a masallaci, muka taka tare har ƙofar gidansu, yana ba ni labarin kwamfuta ta biyar da zai sayo. Ban gaya masa abin da na yi ba. Na ce wa raina ai shi ba ruwansa da siyasa.

Shi kam ba ruwansa. Wani ne cikin masu shiga shagon ya aika wa wata jarida ta waje wasiƙa. Aka zo da mota aka kwashe kwamfutocin, aka haɗa da abokina. Da aka sako shi bayan makonni, kunnensa na hagu ya daina ji.

Na je yi masa jaje. Ya juyo mini da kunnen dama ya ce, "An nuna mini takarda da sunan shagona a samanta. Kai ka rubuta?"

"Ni ne."

"Ka san don me?"

"Na sani."

Ya ce, "To, Allah ya kyauta." Ya kira matarsa ta kawo mini ruwa. Bayan wata guda ya ƙetara Gana da iyalinsa, bai yi mini sallama ba.

Ni na ci gaba da zuwa aiki. Da aka samu gurbin koyon aikin na'urar sunaye a waje, ɗan ƙanwar patoro aka tura. Ni aka sa na koya masa kafin ya tafi.