Jirgin da Ba Shi da Birki

Warin man kifi na ji a bakin teku lokacin gasar kofin duniya, sai Baba ya faɗo mini a rai. Maigidana ne, dattijo Balarabe ɗan babban gida, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana tseren jiragen ruwa na katako masu tafiya da iska. Ni direbansa ne.

Ranar da ya fara saka ni a jirginsa, na dudduba na ce, "Ranka ya daɗe, ina birkin?"

Ya yi dariya har da tari. "Babu birki, direba. Da farko ka saurari iska, sannan ka sassauta igiya, sannan ka jira."

Korona ta ɗauke shi. Aka kai jirgin zuwa gonarsa ta Umm Salal, ana maganar sayarwa. Duk Juma'a ina yin yadda ya koya mini: in share, in jiƙa katakon kada ya tsage, in shafa man kifi.

Bayan gasar, babban ɗansa ya tarar da ni ina shafawa. Ya taɓa katakon, ya shinshina yatsunsa. Sai ya ce, "Khalas, shi ke nan, ba za a sayar ba. Yalla, taso mu mai da shi ruwa."

Allah ya haskaka kabarin Baba, ya sauke shi gaɓa lafiya.