Saje Mifleh Ba Ya Zama a Gaban Kanar

Ni Salameh, walda nake yi a garin Zarqa, kuma shagona yana kallon ƙofar gidan Saje Mifleh, wanda kowa ke kira Abu Rakan. Na san gwiwoyinsa fiye da likitocin da suka yi ta rubutu a kansu. Ina jin su kafin in gan shi. In yana saukowa daga matakala sai ka ji ƙas, ƙas, kamar ana taka busasshen burodi.

Shekara ashirin da wani abu ya yi a soja, rabinsu yana goye da farantin ƙarfen da ake kafa bindigar turmi, mai cilla bom, a kai, ya hau dutse, ya sauka, ya sake hawa don wani hafsa bai ga hawan farko ba. Bai taɓa harbin kowa ba, ba wanda ya harbe shi. Ya dawo gida da gwiwoyi biyu da guringuntsinsu ya cinye, ƙashi na gogar ƙashi. Ya kuma dawo da wata ɗabi'a: in ya ga tauraro a kafaɗar mutum, jikinsa miƙewa yake yi ba tare da ya shawarce shi ba.

Abin da yake nema ba shi da yawa. Akwai kwamitin likitocin soja da ke duba tsofaffin sojoji. In suka yarda aiki ne ya nakasa shi, kuma nakasar ta yi tsanani, za a sa shi cikin waɗanda ake yi wa sababbin gwiwoyi. Shi kuwa so yake ya sake kai goshinsa ƙasa. A masallaci kujerar roba yake salla a kai, a ƙarshen sahu, tare da tsofaffin da suka haife shi, kuma wannan kujera tana cin ransa fiye da ciwon.

Ni na kai shi zaman farko a motar shagona. A ɗakin jira nishi yake yi har wani mai ƙafa ɗaya ya ba shi wurinsa. Na tallafe shi muka shiga, na zaunar da shi. Sai Kanar likita ya turo ƙofa. Kafin in ƙifta ido Abu Rakan ya miƙe, ya buga ƙafa, ya ƙame, ya sara. Ni da na kinkimo shi daga mota ina tsaye da sandarsa a hannu kamar tawa ce.

Sakamakon ya ce: yana miƙewa ba tare da taimako ba, sauran kuma tsufa ne.

Matarsa, Umm Rakan, ta zo shagona da shi ranar da za a ɗaukaka ƙara.

"Abu Yazan, ka gaya wa abokinka," ta ce da ni, don haka ake kirana a unguwa. "A gida in na ce ya miƙo mini gishiri, sai ya ce gwiwa. Ya ga baƙo da tauraro ya zama ɗan shekara ashirin. Ko in ɗinka tauraro a rigata ne?"

"Ke ai janar ce ba tauraro," in ji shi.

"To janar ta ce ka zauna."

A zama na biyu ya daure. Kanar ya shigo, na danna kafaɗarsa da hannu biyu, yana rawa kamar injin da aka taka wa birki. Na ce yau mun ci. Sai Kanar ya ɗago kai daga hoton ƙashi ya ce, "Saje, yaya jikin?"

Ba a amsa wa hafsa a zaune. Ya zame daga hannuna ya miƙe.

"Alhamdulillahi, ranka ya daɗe. Ba abin da ke damuna."

A mota na ce, "Ba abin da ke damunka? To me muka zo yi, gaisuwa?"

"Kai maƙeri ne, ba ka san komai ba. Saje ba ya kai kuka gaban Kanar."

"Ɗakin kai kuka ne, Abu Rakan. Don shi aka gina shi."

"To sun gina shi ba daidai ba."

Sau ɗaya ya rage mana, daga shi an rufe magana. Ni ban yarda da nasiha ba. Na ga an yi masa ta liman, ta mata, ta 'ya'ya, duk ta bi iska. Abin da na sani shi ne in ƙarfe ya ƙi zama inda kake so, ɗaure shi ake yi. Na ƙera masa keken guragu da bututun ruwa, mai nauyi, don ban iya yin abu marar nauyi ba. Umm Rakan ta kawo tsohuwar ɗamararsa ta soja. Muka zagaya ta a ƙugunsa, muka ɗaure a bayan keken inda hannunsa ba zai kai ba, muka rufa masa kwat.

"Kamar ragon layya," in ji shi.

"Rago ya fi ka jin magana," in ji ta.

Ya yarda, wannan kam ba zan ɓoye ba. Da bakinsa ya ce in ƙara matsewa.

Na tura shi cikin ɗakin. Likitoci biyu suna zaune, kujerar tsakiya ba kowa. Muka jira. Aka turo ƙofa, sai ga Kanar, kuma an ƙara masa girma, kafaɗar ta cika.

Na ji keken ya motsa a hannuna. Na riƙe. Ya sa tafin ƙafafunsa a ƙasa, ya sunkuya gaba, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Gwiwoyin suka yi wata ƙara da ban taɓa ji ba. Tayoyin baya suka bar ƙasa. Abu Rakan ya miƙe da keken a bayansa, a karkace, gumi na zuba, ya kai hannu goshi.

Kanar ya zagayo ya ɗaga keken kaɗan da hannu don ya ji nauyinsa.

"Masha Allah," ya ce da sauran. "Kun ga sojan da. Yaran yanzu jakarsu ma sai an ɗaukar musu." Ya dafa kafaɗarsa. "Huta, Saje."

Sai a lokacin ya zube.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka duba fuskarsa. Mutumin nan ba ya iya sujada."

"Mu abin da muka gani muke rubutawa, malam."

Abin da suka gani kuwa shi suka rubuta: yana miƙewa, yana kuma ɗaukar kaya. Aka rufe ƙarar.

Mako guda bai sauka daga gado ba. Gwiwoyin sun kumbura kamar kankana. Umm Rakan ba ta yi masa faɗa ba, wannan ya fi tsorata ni. Da na shiga duba shi yana kallon rufi.

"Ka ji abin da ya ce? Sojan da."

"Na ji. Ka ce ya ba ka gwiwarsa ɗaya."

Bai yi dariya ba. Can ya ce, a hankali, "Na so in zauna, Salameh. Wallahi na so."

Na koma shago na yanke keken, na haɗa bututun da wasu, na kafa masa abin dafawa daga gado zuwa banɗaki, daga ƙofar ɗaki zuwa ƙasan matakala. Da ya samu ya tashi, ya bi shi da hannu tun daga sama har ƙasa yana laluben mahaɗa.

"Nan ya karkace," ya ce.

"Riƙe dai."

Ya riƙe, ya sauko da ƙafa ɗaya, ya tsaya yana jiran ɗayar.