Tabarma a Ciki, Riguna a Waje

A ƙauyenmu, can gabas da Gezawa, da damina muka fi shan tatsuniya. In an idar da lisha ruwa na zuba, sai mu ɗunguma ɗakin girki, inda kakata Inna Delu ke zaune gaban murhu tana juya masara a garwashi. Hayaƙin jiƙaƙƙen kara ya cika ɗaki, idanu na hawaye, akuya ta leƙo kai a kore ta. Inna Delu ba irin kakannin nan ba ce masu lallashi. Doguwar tsohuwa ce mai raina mutane, kuma in ta raina mutum, tatsuniya take saka shi. Shi ya sa matan gida ke laɓewa a bakin ƙofa, kowacce na so ta ji ko yau ita ce.

"Ku rufa mini baki, ga ta can tafe," in ji ta. Mu ce ta iso lafiya.

Wai mata biyu aka gayyata biki a wani gari mai nisa, bikin da ake kwana. A zamanin, mace in za ta biki da tabarmarta take tafiya, don ba mai iya yi wa gari guda shimfiɗa. Ta farkon, Mai-shuni kawai Inna Delu ke ce mata, don ta ɗaura zanen shuni da ya sha bugu har yana ɗaukar ido. Ta biyun guntuwa ce, ba mai kallonta sau biyu. Guntuwa ta naɗe tabarmar kabarta tamau, ta lulluɓe da tsohon zane, ta rufe da fatar akuya, gashi a waje, ta goya abarta kamar ɗa.

Suna tsakiyar hanya hadari ya taso. Mai-shuni ta dubi sama, ta dubi zanenta, sai ta warware tabarma ta kifa a ka. A nan Inna Delu kan miƙe tsaye, ta ɗora faifai a ka, ta riƙa taku ɗaya-ɗaya tana karairaya, mu kuwa har birgima muke yi.

"Ku ga sakarya!" in ji ta. "Makwancinta ta miƙa wa ruwa, don 'yan biki su ce wance ta iya ɗauri!"

Aka kuwa faɗa. Ta shiga gidan biki a bushe, ana yi mata guɗa, Guntuwa na biye ruwa na ɗiga daga haɓarta, yara na nuna ta. Da aka watse kowacce ta jawo tabarmarta ta shimfiɗa, ta Mai-shuni kuwa ko taɓuwa ba ta yi, ga nauyi ga warin ruɓa. Ta bi mata ɗaya bayan ɗaya, 'yar'uwa ɗan matsa mini. Wannan ta ce yarona ke kwana a nan, waccan ta juya baya ta hau minsharin ƙarya. Daga ƙarshe uwar biki ta ba ta wani keso a ɗakin tukwane, ta ce tunda ke ce kusa, da asuba ki hura wuta, ki kankare mana ƙanzo. Haka zanen shuni ya ƙare a toka da baƙin tukunya. Guntuwa kuwa sai da hantsi ya dubi ƙofa ta yi miƙa.

Na taɓa cewa, "Inna, me ya hana Guntuwa ta matsa mata?" Ta jefe ni da totuwar masara.

"Ita ta aike ta? Ku tashi, ta ƙare, kowa ya nemi inda zai sa haƙarƙarinsa."

Ina yarinya na ɗauka labarin ruwa ne. Sai da na kwana a gidajen mutane iri-iri, biki da suna da zaman makoki da jinya, na gane inda tsohuwar ta dosa. Duk wanda ya ba ka wurin kwana, shi zai gaya maka lokacin tashi. Na ga mata masu gwal a wuya suna rakuɓewa a gefen gadon wasu, ana aikensu kamar yara, suna cewa to.

Daminar da ta wuce matar ɗana ta haihu a birni, aka turo babban ɗanta, jikana Nazifi, ya ɗauko ni a babur. Ya zo da wata jakar goyo baƙa, zif nan zif can, aljihu bisa aljihu, har da wurin sa gorar ruwa. Duk wayon wanda ya ɗinka ta bai tuna mutum na kwana ba. Na miƙa masa 'yar tabarmata, sai ya jawo roba zai ɗaure ta a bayan babur, ga gabas ta yi baƙi ƙirin.

"Maigida, me zan gani haka?"

"Haba amarya, wannan tsumman ai ko an bar shi a hanya ba mai ɗauka. Mama ta saya miki katifa sabuwa dal, ko ledarta ba a cire ba."

"Uwarka ta kwana a kai. Buɗe jakar nan."

"Rigunan da zan sa ranar suna ne a ciki fa, gugaggu, a hanya na karɓo su!"

"To, kai ne Mai-shuni ke nan."

"Wa?"

Ban tsaya ba shi labari ba, yaran yanzu ba su da kunnen. Na zazzage rigunan a baƙar leda na rataya masa a hannun babur, bakinta a buɗe. Na naɗe tabarma tamau, na lulluɓe da tsohon zane, na zura a ledar nan ta cikin buhun taki, bakin ledar na kallon ƙasa, don ruwa daga sama yake zuwa. Na tsayar da ita a jakar, kanta ya leƙo waje, na kifa masa buhun na ɗaure. Na goya jakar da kaina, na hau. Yana ta ƙunƙuni wai abokansa za su gan shi da tsohuwa da buhu. Na ce su gani, ba a gidansu zan kwana ba.

Ko titin kwalta ba mu hau ba ruwa ya kece. Muka isa sharkaf, ni da shi da gugaggun rigunansa. Maijego ta tare ni da fara'a, ba zan ci haƙƙinta ba, ta nuna mini katifar a ɗakin yara, tana cewa ai ya fi, in sun farka ina kusa, da safe sai in shirya su makaranta. Na yi mata godiya, na buɗe jaka, na shimfiɗa abata a falo, a bushe ƙayau, da ƙamshin hayaƙin ɗakina.

Na yi wa jariri wanka don ina so, na tashi lokacin da na ga dama, ranar da na ƙoshi da birni na naɗe kayana. Katifar kuwa na baro ta jingine da bango, ko ledarta ba a cire ba.