Lambar Wayar da ke Ƙasan Takarda

Mijina akanta ne. Shekara ashirin yana rubuta wa masu hulɗa da shi takardar shaida, kuma kowacce sai ya sa lambar wayarsa a ƙasa, ba ta ofis ba. Wai duk wanda ya tsaya wa, a kira shi ya maimaita da bakinsa.

Rannan yayana ya zo. Shago yake neman haya, mai ginin kuma ya ce sai akanta ya shaida cewa ya shekara biyar yana kasuwanci.

Mijina ya ce, "Biyu na sani, Yaya."

"Rubuta biyar mana. Wa zai bincika?"

Ya rubuta biyu, ya sa hannu. Kwana uku ina gaba da shi. Yaya ɗan uwana ne fa, ciki ɗaya.

Ranar Asabar Yaya na zaune a falonmu sai mai ginin ya kira mijina, ya karanto masa takardar. Ashe Yaya ya goge biyu ya mayar biyar.

Mijina ya dubi Yaya, ya ce cikin waya, "Biyu na rubuta, ranka ya daɗe. Kuma a biyun nan ban taɓa kama shi da ƙarya ba, sai yau."