Burtalin Malam Muttaƙa ba zai zama gona ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu na 2024, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Malam Muttaƙa a ƙauyenmu da ke kudu da Dungas a ƙasar Nijar. Shekara talatin da ɗaya yana tsaron burtali, hanyar da shanu suke bi tsakanin gonakinmu, su tsallaka Najeriya da kaka, su dawo da farkon damina.

Malam, ba perefe mai mulkin gunduma ne ya naɗa ka ba, ba ka da biro, ba ka da hatimi. Abin da kake da shi adda ce da takalmin taya. Duk shekara kafin ruwa ya sauka kakan sari rassan aguwa, ka bi gefen burtali kana kafawa har bakin iyaka. A can Alhaji Ukasha, takwaranka na wancan ɓangaren, zai tarye ka da nasa damin, ku sha fura a ƙwarya ɗaya, shi kuma ya ci gaba da kafawa kudu. Manya suna sa hannu a takarda a Yamai da Abuja. Mu dai yarjejeniyar da muka gani da ido ita ce wannan shingen. Saboda shi nono bai yanke mana ba, taki ya sauka a gonakinmu, kuma ba a taɓa ɗaukar gawar manomi ko makiyayi daga wannan hanya ba.

Ni Alkasim, maƙwabcinka, ina da bakin faɗa don ni ma ka taɓa kama ni. Wata shekara na saci kunya huɗu daga burtali na haɗa da gonata. Ba ka kai ni gaban kowa ba. Ka zo ka zauna a kan kunyar, ka ce, "Alkasim, in saniyar Arɗo Musa ta ci geron nan, ɗan wa za a sara?" Da hannuna na tuge shi, ina zagin ka a zuci. Wallahi wata biyu ban gaishe ka ba.

Da manya suka ɓata aka rufe iyaka, mutane suka ce ka huta. Ina! Da rani ka tafi da tari a ƙirjinka, ka kafa har inda aka ce kada a wuce. Ukasha yana tsaye can, kana tsaye nan, kuka gaisa da ɗaga murya. Ka dawo ka ce mana saniya ba ta sauraren rediyo.

To, ga abin da ya hana ni yin shiru. Ko sadakar bakwai ba a yi ba, wasu suka kai garma cikin burtali, wai zumuncin ƙasashe ya zama yau a buɗe gobe a rufe, shanu ba za su dawo ba, mai tsaron ma ya tafi. Cikinsu har da Rilwanu, ɗan wana. Kaico! Rilwanu, ka ji da kyau, kai da abokan tafiyarka: ƙarya kuke yi. Shekaranjiya na baje kunyoyinka da kaina, kuma in ka sake zan sake. Kai ni gaban mai gari in kana so, zan faɗa masa abin da na taɓa yi da wanda ya hana ni.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya yafe kurakuranka, ya yalwata maka kabari kamar yadda ka yalwata wa dabbobi hanya. Ina miƙa ta'aziyya ga iyalinka Mero, da 'ya'yanka Umar da Hussaina, da Alhaji Ukasha wanda ya yi kuka a makabarta kamar ɗan'uwa na jini. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Mero ta ba ni addarka. Jiya Arɗo Musa ya aiko daga kudu yana tambaya ko akwai hanya bana. Na ce a gaya masa ya koro shanunsa.