Yadda Yaya Sha'ibu Ya Rufe Bakin Rediyo

Yayana Sha'ibu ya yi shekara saba'in da huɗu a duniya, amma in aka tara duk maganar da ya yi a cikinsu ba za ta kai wadda nake yi daga asuba zuwa hantsi ba. Ni ce Lauratu, autar gidan, kuma bakin gidan duk ni aka bar ma shi. Shi kau Allah ya yi shi da i'ina, irin mai riƙe mutum a maƙoshi har jijiyar wuya ta miƙe. In kalma ta maƙale mashi sai ya ɗaga hannun dama, ya runtse ido, ya ce, "Tsa-tsa-tsaya in faɗa." Mu a Tafoki mun saba, sai mu tsaya mu jira.

Manomi ne na gasken gaske. Dawa da auduga, da jakai biyu, da 'yan tumaki. Idonsa na dabba ya sa Fulani ke nemansa ranar kasuwa, daga Mairuwa har Kankara. Ya buɗe bakin dabba, ya shafa ƙugu, ya ɗaga yatsu, shi ke nan an gama gardama. Babu wanda ya taɓa yi mashi dariya a kan bakinsa, sai da Maharazu ya samu aiki.

Maharazu ɗan maƙwabcinmu ne, ɗan Alhaji Gide mai ɗingishi. Yaya ya girme shi da shekara goma sha biyu. Bisa jakin Yaya aka riƙa kai shi makaranta Faskari, majina har baki. To, ya yi boko, ya tafi birni, ya faɗa gidan rediyo cikin 'yan wasan kwaikwayo. Lokacin nan ne kuɗin mai suka ɓarke a ƙasa. Kowane malamin makaranta ya sayi babur, kowane alhaji ya dawo da rediyo mai cin kaset. Maharazu ya biya ma ubansa Makka, ya aiko mashi da rediyo babba mai batir shida. Duk Alhamis bayan la'asar sai a shimfiɗa tabarmi a ƙofar Alhaji Gide, gari ya taru a ji muryar ɗan gida.

Makonnin farko mun yi murna, har da ni. Sai wata Alhamis aka shigo da wani sabon mutum cikin wasan, wai shi Malam Tsaya, baƙauye mai jaki. Yana buɗe baki ya ce, "Tsa-tsa-tsaya in faɗa," 'yan wasan suka fashe da dariya. Wallahi sai da na leƙa ɗakin Yaya in ga ko yana nan. Muryar, da jan numfashin, da ɗan tarin da yake yi kafin ya sake gwadawa, babu abin da ɗan banzan yaron nan ya bari. Ashe duk zaman da yake yi kusa da Yaya in ya zo hutu, yana "Yaya kaza, Yaya kaza," ɗiba yake yi.

Abu ya kama kamar wutar kara. Shekara ukku ana yi. Yaya ya taɓa zamewa da jaki a rafi, sai ga Malam Tsaya ya zame da jaki. Ya taɓa sayen tunkiya aka ce ta sata ce, sai ga ta a rediyo. Ya shiga kasuwar Sabuwa, mutanen da bai taɓa gani ba suka ɗaga mashi hannun dama suna runtse ido. Fulanin da ke girmama shi suka koma kawo mashi dabba don kawai su sa shi magana. Sunan Sha'ibu da ubanmu ya yanka rago ya raɗa ya ɓace, sai Malam Tsaya.

Sau ɗaya ya je ya durƙusa gaban Alhaji Gide, ya roƙe shi ya ja ma ɗansa kunne. Alhaji ya yi dariya har haƙorin Makka ya bayyana, ya ce, "Haba Sha'ibu, wasa ne fa. Ai suna ya yi maka. Wa ya san ka a da?"

Abin da ya ƙure shi ɗaurin aurena ne. Na yi zawarci na shekara biyu, Hadi mai tireda ya nemi aurena, kuma da yake Baba ya rasu, Yaya ne waliyyina. Kalma ukku kacal ake so ya faɗa gaban liman: na ba shi. Ta maƙale. Ya ɗaga hannu. Kafin ya buɗe baki wani daga baya ya faɗa mashi ita da muryar rediyo, taro ya kece da dariya, har wasu na kwanciya bisa tabarma. Muna cikin gida muna jiyowa, na ɗauka wani abin arziki ne. Da aka gaya mani, na rantse da lallen da ke hannuna na so in fita da taɓarya. Aka ce Alhaji Gide na sahun gaba, yana share hawaye da bakin rawani.

Daga ranar nan Yaya ya kulle bakinsa. Wata biyar ba wanda ya ji muryarsa a waje. Gaisuwa da ka, ciniki da yatsu. Ya daina zuwa kasuwa. Ni kau ina ta masifa, ina ce mashi, "Yaya, ka bar ni da su! In ba ka iya zagi ni na iya na mutum biyu." Sai ya dube ni kawai ya ci gaba da tufkar igiya.

Yanzu bari in gaya maku abin da ni kaina ban sani ba a lokacin, don ku gane abin da ya biyo baya. Wata shekarar yunwa, tun zamanin Turawa, ran Juma'a maza duk sun tafi masallaci Faskari. Baba na kwance da zazzaɓi, Yaya na gida yana jinyarsa. Sai suka ji nishi daga cikin rumbunmu na gindin gawo. Gide ne. Ya hau ya ɗage murfin don ya ɗebi dawa, ashe dawar ta yi ƙasa, ya rufta ciki ya karya ƙafar hagu, ya kasa fitowa. Baba da Yaya suka jawo shi da igiya. Baba ya kira Barau maɗori ya ɗaure ƙafar a cikin zaurenmu, ya ba Gide dami biyu, ya sa kowa ya yi rantsuwa. Aka ce ma gari sa ne ya harbe shi. Shekara ashirin da biyu maganar nan na binne, mutum huɗu suka san ta, ɗaya ya mutu.

Da babbar Sallah sai ga Maharazu bisa babur, da wando mai faɗin ƙafa, da rakoda rataye a kafaɗa. Ya ji labarin Yaya ya daina magana, hankalinsa ya tashi, don rijiyar da yake ɗiba ce ta ƙafe. Ya zo da goro da turmin yadi yana wani sunkuyar da kai. Ina gidan ranar, na kai ma matar Yaya nama. Na buɗe baki zan wanke shi tas, sai Yaya ya ɗaga mani hannu. Ya shimfiɗa mashi buzu da kansa. Ya ce ya kunna rakodar, yana da labari, kuma a kansa abin ya faru, can shekarun baya.

Ina bayan zana ina ji, ina cizon yatsa. Yaya ya ce wai shi ne ya taɓa zuwa satar dawa ran Juma'a ya rufta rumbu. Ya faɗi gawon, ya faɗi igiyar, ya faɗi ƙafar hagu da karan dawa da aka ɗaure ta da su. Ya faɗi abin da ya ce daga cikin rumbun, kalma bayan kalma, yana maimaitawa don kada a kuskure. Maharazu na riƙe ciki yana cewa, "Yaya, don Allah sake faɗi!" Da ya tafi na fito na ce, "Yaya, ka haukace ne? Kai da ko tsinke ba ka taɓa ɗauka ba, yau ka ba maƙiyinka wuƙa ya yanka ka?" Ya naɗe buzunsa ya shiga ɗaki.

Aka yi mako shida. Ranar Alhamis ɗin, kaka ta yi, ana ta yankan dawa. Gidan mijina na kallon ƙofar Alhaji Gide, kuma akwai wata kafa a zanarmu da na daɗe da faɗaɗawa. Mutane sun cika tabarmi. Abin da ya ba ni mamaki, sai ga Yaya ya zo, shi da ko hanyar ya daina bi. Ya zauna can gefe kusa da Barau maɗori, wanda tsufa ya riga ya tanƙwara.

Wasa ya fara. Malam Tsaya ya ce yau Juma'a, gari ba kowa, bari ya leƙa rumbun gindin gawo. Aka ji ƙarar tsani, aka ji tim! kamar an yar da buhu. Matasa suka fara dariya suna waiwayen Yaya. Malam Tsaya ya yi ihu wai ƙafarsa ta hagu. Daga nan na daina kallon Yaya, don na ga Barau ya ɗago kai. Ba rediyon yake kallo ba, ƙafar Alhaji Gide yake kallo.

Sai muryar Maharazu ta fito daga cikin rumbu, ya ƙara mata amo yadda za ta yi zurfi, yana i'ina, yana kukan wasa:

"Ku ru-ru-rufa mani asiri don Annabi! Ɗiyana kwana ukku ba su sa ko-ko-komi a baki ba. Ƙaramin har ya daina ku-ku-kuka."

'Yan wasan da ke tare da shi suka tuntsire. Tabarma ma ta ɗauka. Alhaji Gide na zaune da tazbaha, ta tsaya cak a hannunsa. Bai kashe rediyon ba. Ya bari aka jawo Malam Tsaya da igiya, aka ɗaure ƙafar da kara, aka yi kiɗan rufewa. Sannan ya dafa bango ya miƙe, ya tsaya bisa ƙafar nan tasa mai ɗingishi.

Ya ce, "Ku daina kallon Sha'ibu. Ba shi ba ne, ni ne. Rumbun ubansa ne. Ba sa ne ya harbe ni ba." Ya nuna rediyon da tazbahar. "Ƙaramin da ya daina kuka, shi ne wannan da kuka gama ji. Da dawar nan aka dama mashi kunun da ya tashe shi."

Ni kau, Allah ya yafe mani, na rangaɗa guɗa daga bayan zana. Ta fita kafin in kama ta, kuma da na kama ta ma da na sake ta. An ce ban kyauta ba. An ce Yaya ya ci amanar da ubanmu ya mutu da ita, kuma gaskiya ne, ya ci. Shi kansa bai ƙara bari an zuba hatsi a rumbun nan ba har ya rushe. Amma masu wannan wa'azin ina suke shekara ukku? Suna bisa tabarma suna riƙe ciki.

Alhaji ya ba direban motar Funtua saƙo. Ran Asabar Maharazu ya iso, ko rakoda bai ɗauko ba. Matar Alhaji ta gaya mani a bakin rijiya cewa uban bai tsine mashi ba, bai ma ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "In ni na haife ka, kada muryarka ta ƙara fita daga akwatin nan." Ba ta ƙara fita ba kuwa. Malam Tsaya ya ɓace daga wasan ba sallama, Maharazu ya ƙare a sayar da kayan babur. Kafin damina biyu sunan Sha'ibu ya dawo bakin mutane, Fulani suka dawo nemansa, ya rayu da sunansa har ya koma ga Allah.

Amma a ranar Asabar ɗin, daga gaban ubansa Maharazu gonarmu ya nufo. Ina can na kai ma masu yanka fura. Yaya na ɗaure dami, ya taka shi da gwiwa yana jan igiya. Maharazu ya tsaya a kansa, ido jajur.

Ya ce, "Yaya, da bakina ka sa na tozarta ubana. Duniya duk ta ji. Me zan ce mashi? Da wane ido zan dube shi?"

Yaya ya gama ɗaurinsa, ya miƙe, ya kakkaɓe hannu. Ya buɗe baki, kalma ta maƙale. Ta daɗe a maƙale, jijiyar wuya ta miƙe, gumi na bin gemunsa. Masu yanka suka aje magirbai. Maharazu na tsaye yana jira, kai a ƙasa, ko motsi bai yi ba. Ni dai ban taɓa jin daɗin i'inar Yaya irin na ranar ba, har na so ta kai magariba.

Can ta fito.

"Ka-ka-ka yi dariya mana."